Yadda Badamasi Mai Faci Ya Ɗaure Kansa da Roba

Duk wanda tayarsa ta taɓa sacewa a kusa da tashar motar Birnin Kudu ya san Badamasi mai faci, kuma duk wanda ya san shi ya san cewa iskar da ke fita daga bakinsa ta fi wadda injinsa ke hurawa. Domin a yi masa adalci, aikinsa yana da kyau, facin da ya manna ba ya ɗagowa. Aibinsa guda ne: babu wani abin bajinta da aka taɓa yi a duniya face shi ya riga ya yi wanda ya fi shi, sai dai kullum a inda babu shaida.

A kakar bana wani al'amari ya tsaya masa a rai. Surukinsa, Malam Buba na Dingaya da ke ƙasar Gwaram, tsufa ya cim masa, ya ce ba zai ƙara iya noman rani ba, don haka zai ba da aron fadamarsa ga ɗaya daga cikin mazajen 'ya'yansa biyu. Fadama ce ta gaske, wadda albasarta kaɗai kan riƙe gida shekara guda. Mazajen kuwa su ne Badamasi, mijin Juwairiyya, da Yunusa ɗan acaɓa, mijin ƙanwarta. Ba a daɗe ba magana ta iso kunnen Badamasi cewa tsohon ya ce, "Mutumin da ke wuni a kan benci yana jiran tayar wani ta fashe, ina ya ga ƙafar zagaya fadama?"

Wannan magana tana cin sa ke nan, wata safiya sai ga Kofur Abdulsalami, wani tsohon soja da ke unguwarsu, ya dawo daga gudun da ya saba yi, ya tsaya shan ruwa a rumfar facin. Ƙafafunsa na cikin wata baƙar safa da ta kama su tam tun daga idon sawu har ƙasan gwiwa.

Badamasi ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Kofur, safar jikarka ka aro?"

Kofur ya yi dariya ya ce, "Wannan safar matsi ce, ta masu gudun dogon zango. Tana kama idon sawu sosai, tana sassautawa yayin da ta hau sama, domin jini ya ji sauƙin komawa zuciya. Tana kuma riƙe sha-raɓa kada naman ya yi ta girgiza. Ni inda na fi ganin amfaninta shi ne bayan an gama gudu: kumburi ya ragu, tsamin jiki ba ya daɗewa. Matasan Gwaram sun shirya tsere zuwa Dingaya, shi nake wa shiri. Amma fa sai an auna ƙafar mutum, domin idan ta yi yawa..."

Badamasi ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya nan. Ina ka ce za a ƙare tseren?"

"A dandalin Dingaya, gaban masallaci."

Badamasi ya san dandalin sarai. A nan Malam Buba da sauran dattawa ke zama a gindin wata tsamiya. Ya miƙe tsaye, ya gyara wuyan rigarsa, ya ce, "Kofur, duk abin da ka faɗa, sana'ata ka karanto mini. Taya mai sako-sako ja da baya take yi, wadda aka cika tam ita ke tashi sama. Mutum ma haka yake. In wannan 'yar safar taka ta rabin ƙafa tana da amfani, to wanda ya matse jikinsa duka ai sai dai a nemo shi da mota."

Kofur ya ce, "Ba haka zancen yake ba, Badamasi."

"Kai ka karanta a takarda, ni da hannuna nake yi tun kana fareti."

Kafin azahar Badamasi ya aika wa surukinsa saƙo ta bakin wani direba: Baba ya fito dandali ranar tsere, ya zauna da kyau, ya ga wanda zai fara isowa.

Da la'asar ya kwaso tsofaffin robobin cikin taya, na babur da na mota, ya kai zauren gidansa, ya dinga yanka su tsaye-tsaye kamar mai shirin ɗaure kayan fatake. Ya kira matarsa, ya kwanta a tabarma, ya miƙa mata ƙafa.

Juwairiyya ta ce, "Baban Tani, wannan abin da ake ɗaure buhu da shi za ka ɗaura a jikinka?"

"Ilimi ne ba ki sani ba. Ja."

"Ai in fadamar ce, da ka je ka taya Baba sassabe, ya fi."

"Sassabe kowa ma ya iya. Ja, na ce. Ki taka bango ki ja."

Ta taka bango ta ja. Ana cikin haka maƙwabciyarsu Hapsatu ta shigo aron rariya, ta tarar da maigida a kwance yana nishi, ƙafafunsa biyu a naɗe baƙi ƙirin, matarsa na gumi a kansa. Ba ta tambayi kowa komai ba, ta juya. Kafin a kira magariba unguwa duka ta ji cewa mota ta taka Badamasi, ƙafafu biyu sun karye, maɗori ya ɗaure. Masu dubiya suka fara sallama, wannan da kunu, wancan da ƙosai.

Wani dattijo ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Sannu, Malam Badamasi. Wace mota ce?"

"Babu wata mota, Baba. Jinina nake koya wa hanyar komawa zuciya."

Dattijon ya dubi na kusa da shi, ya rage murya ya ce, "Ashe har kan ya taɓu."

Badamasi ya fusata, ya ce a tashe shi ya nuna musu. Aka kama shi aka tsayar. Ya yi taku kaɗan kamar zalɓe a cikin taɓo, sai bakin robar ƙafar dama ya kwance, ta warware da kanta fir-fir-fir, ta zabga wa mai riƙe da kwanon ƙosai a hannu. Jama'a suka watse suna dariya, amma ba su tafi da kunun ba, Badamasi kuwa bai bar ko ɗigo ba. Abin da ya ɗauka daga wannan gwaji shi ne, ƙulli ba abin dogaro ba ne, ranar tsere da gam ɗin faci zai manne bakin kowace roba.

Ranar na zuwa, ya yi sallar asuba, ya lissafa a ransa cewa tun kafin hantsi ya gama komai. Daga shi sai gajeren wando, aka naɗe shi tun daga idon sawu, aka bi ta kan gwiwa, aka hau cinya, aka zagaye tumbi har ƙirji. Duk inda roba ta ƙare ya shafa gam, ya hura, ya danna da babban yatsa kamar yadda ya saba, har inda gam ya zarce kan fata bai kula ba. Ya zura babbar riga a sama, ya sa takalmin ƙwallo, ya fito yana jan numfashi guntu-guntu.

Yunusa na jiransa a ƙofar gida da babur, domin shi ma Dingaya za shi kallo. Ya dube shi ya ce, "Yaya, ka rame a dare ɗaya. Hau mu tafi."

Badamasi ya ɗaga ƙafa zai haye, ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa. Ya gwada ta ɗaya ɓangaren, haka. Ya gwada zama irin na mata, ƙafafun suka miƙe gefe kamar azara biyu, saura kaɗan ya kwashe tiren mai tallan goro.

Yunusa ya ce, "Ni fasinja nake ɗauka, Yaya. Katako sai a-kori-kura."

"Gwanin gudu ba ya naɗe ƙafa kafin tsere. Kai ina za ka sani?"

A-kori-kurar aka nemo, wadda za ta kai buhunan riɗi Gwaram. Mutum huɗu suka ɗaga shi suka shimfiɗa a kan buhuna, ya kwanta rigingine yana kallon sama. A wani ƙauye da aka tsaya ɗaukar kaya, wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta leƙa, ta ga mutum a miƙe sambal, ta fara salati. Badamasi ya juyo da kai ya ce, "Inna, da raina. Tsere za ni." Tsohuwa ta ce, "Allah ya sawwaƙe, ɗan nan," ta cusa masa ƙullin gyaɗa a hannu sadaka.

A Gwaram masu tsere sun yi layi a bakin gari, yawancinsu samari, ga Kofur a cikinsu da safarsa. Badamasi ya cire babbar riga ya miƙa wa Yunusa. Kowa ya juyo yana kallonsa. Mutum ne baƙi wul daga ƙirji zuwa ƙasa, yana ƙyalli, yana warin taya, naman da roba ta kora ya taru a ƙarƙashin hammata.

Kofur ya matso ya ce, "Badamasi, don Allah bari a sassauta maka. Kai ka fi matse cinya a kan idon sawu, jinin ma ta ina zai wuce?"

"Tsoro ya kama ka ke nan. In ka iso Dingaya ka tambayi inda nake hutawa."

Aka busa usur. Gaskiya ita ce, a farkon tashi Badamasi ya ba mutane mamaki, domin da ƙafafun ba sa lanƙwasuwa, sai ya dinga daka tsalle yana watsa su gaba kamar almakashi, har ya wuce mutum biyar. Ya waiwayo ya ce wa Yunusa da ke biye a babur, "Je ka gaya wa Baba ya sa a dama fura."

Daga nan rana ta fara aikinta. Kowa ya san yadda baƙar roba ke shan zafi, Badamasi ya fi kowa sani, amma bai taɓa kasancewa a cikinta ba. Gumi ya tsatso, ya rasa hanyar fita, ya dinga gangarawa yana taruwa a takalmi, kowane taku sai ka ji caɓal. Robar cinya na gogar 'yar'uwarta tana kuka ƙiiƙ-ƙiiƙ. Samarin da ya wuce suka wuce shi, waɗanda bai wuce ba suka ɓace masa. Kofur ya bi ta gefensa yana gudunsa a natse, ya yi masa sannu.

Yunusa ya rage gudun babur ya ce, "Yaya, wata ƙara nake ji. In duba maka baya ko ka taka ƙusa?"

"Dabara ce. Ina barin su su gaji."

"To, ga wani can da jaki zai wuce ka. Shi ma a bar shi ya gaji?"

Mai jakin ya zo ya wuce, ya yi sallama, jakin ya karkata kunne ya ƙara sauri. Can gaba suka haɗu da garken shanu za su tsallaka hanya. Shanun suka tsaya cak suna kallon wannan halitta mai ƙara, sannan suka juya da gudu suka faɗa cikin wata gonar wake da ba a gama roro ba. Makiyayin da mai gonar suka haɗu a kan Badamasi, kowa na faɗar tasa, shi kuwa ba shi da numfashin ramawa, sai ɗaga hannu yake yi. Yunusa ne ya ba su haƙuri, ya ce musu ɗan'uwansa ne, ba shi da cikakkiyar lafiya. Wannan bayani ya fi wa Badamasi zafi a kan ranar.

Yunusa ya ce, "Hau in ƙarasa da kai, in sauke ka a bayan gari. Ba wanda zai ji a bakina, sai matata."

"Ko da zan hau, ta ina zan hau?"

"Wannan kuma gaskiya ne."

Yunusa ya ja babur ya yi gaba. Badamasi ya ci gaba da jan jiki, yatsun ƙafarsa sun daina jin ƙasa, cikinsa na neman wurin da zai faɗaɗa ya rasa. Rana ta kusa take tsaka sa'ad da ya hango tsamiyar Dingaya.

A dandali an daɗe da gama tsere. Wani saurayi ya zo na ɗaya, an yi tafi an gama. Kofur, wanda ya iso a tsakiyar masu tseren, yana zaune a inuwa ya ɗora ƙafafunsa a kan turmi da safarsa, yana shan fura yana hira kamar wanda bai je ko'ina ba. Amma ba wanda ya tafi gida, domin Yunusa ya riga ya ba da labarin abin da ke tafe. Malam Buba na zaune a kan buzunsa a tsakiyar dattawa, da carbi a hannu, Yunusa na durƙushe a gefe ya cire takalmi.

Jama'a suka dare, Badamasi ya shigo, caɓal, ƙiiƙ, caɓal, ƙiiƙ, har ya tsaya a gaban dattawa. A nan ne abin da bai taɓa faɗo masa a rai ba ya tsaya a gabansa. A ƙasar nan ba a gaida suruki a tsaye, ba a kuma gaishe shi da takalmi a ƙafa. Ko mahaukaci ya san wannan.

Ya sunkuya zai kwance takalmi, robar tumbi ta ce ba ta san zancen ba, hannunsa bai wuce gwiwa ba. Ya taka dunduniyar ɗaya da ɗaya ya fizge, gumin da ya taru a ciki ya malalo har bakin buzun Malam Buba. Tsohon ya janye buzunsa kaɗan.

Badamasi ya ce, "Baba, barka da..." ya fara durƙusawa. Ya sauka kamar taƙi guda, roba ta mayar da shi sama. Ya sake, ta sake mayar da shi. Dattawa suna bin sa da ido, ƙasa, sama, ƙasa, sama.

Wani daga cikinsu ya ce, "Malam Buba, surukin naka gaisuwa yake yi ko famfo yake bugawa?"

Malam Buba ya ce, "Ku bar shi. Wataƙila haka ake yi yanzu a Birnin Kudu."

Wannan magana ta shiga Badamasi har ƙashi. Ya ja iyakar numfashin da ya samu, ya tattara nauyinsa duka, ya faɗa ƙasa da ƙarfin tsiya. Gwiwoyi suka lanƙwashe, amma robar da ke bayan cinya ta kai iyakarta. Ta tsinke da wata ƙara kamar tayar babbar mota ta fashe. Tsuntsayen tsamiya suka tashi, dattawa suka watse, wani ya bar takalmi, wani ya bar sanda. Guntun roba ya yi sama ya ɗauke hular Malam Buba, wani guntun ya kifar da ƙwaryar fura. Badamasi ya wuntsila ya faɗi rigingine, ƙafa ɗaya a naɗe, ɗaya a miƙe tana kallon sama.

Daga nan inda yake kwance ya ƙarasa gaisuwarsa, ya ce, "...da rana, Baba. Mun same ku lafiya?"

Malam Buba ya karɓi hularsa daga hannun Yunusa, ya kaɗe, ya mayar, ya ce, "Lafiya muke, kafin ka iso."

Kofur ya taso ya taɓa ƙafar, ya ga yatsu sun kumbura sun yi sanyi, ya ce a cire masa wannan abu yanzu ba sai an jima ba. Aka nemi bakin roba a warware, ba baki, domin facin Badamasi ba ya ɗagowa. Aka kira wanzamin gari da askarsa. Aka kewaye shi da zannuwa saboda mata, wanzami ya dinga tsagawa a hankali kamar mai feɗe akuya. Duk inda gam ya kama fata sai ya tafi da gashi, jama'ar da ke waje suna jin muryar Badamasi daga bayan zane yana cewa, "A hankali, Sarkin Aska, wannan robar babbar mota ce, tana da tsada."

Da aka gama aka zura masa babbar rigarsa, aka jinginar da shi da tsamiya. Jikinsa duk zane-zane kamar an gasa shi a kan waya. Kofur ya ɗora masa ƙafafu a kan turmi, ya jira har jini ya dawo yatsu suka yi ɗumi, sannan ya ciro wata safar matsin daga jakarsa, ya gwada faɗin sha-raɓarsa da hannu, ya ga za ta yi, ya sa masa. Ba a jima ba Badamasi ya ji ƙafafun sun daina zugi, kamar an riƙe su da hannu mai taushi.

Ya yi ajiyar zuciya, ya dubi jama'a ya ce, "Kun gani ko? Abin da nake gaya wa Kofur ke nan tun a Birnin Kudu."

Kofur ya buɗe baki, ya fasa, ya ɗauki ludayinsa.

Dattawa suka dawo mazauninsu. Malam Buba ya gyara murya ya ce, "Badamasi, na ce ba ka da ƙafar zagaya fadama. Na janye, tunda ka tako daga Gwaram a cikin wannan azaba. Ƙafa kana da ita."

Badamasi ya washe baki, ya harari Yunusa.

Tsohon ya ci gaba, "Sai dai aikin albasa a durƙushe ake yin sa, daga dashe har cira. Yau kuwa gari duka ya ga yadda durƙuso ke yi da kai. Yunusa, gobe ka zo in nuna maka iyaka."

Yunusa ya sunkuyar da kai ya ce, "Na gode, Baba. Allah ya ƙara girma."

Badamasi ya ce, "Baba, ai laifin roba ne."

"Robar ce ta ɗaura kanta?"

Badamasi bai sami amsa ba, abin da mutanen tasha suka ce ba su taɓa gani ba, har yau ma wasu ba su yarda ya faru ba. Malam Buba ya sa sandarsa ya jawo ɗaya daga cikin robobin da ke zube, ya ja ta da hannu biyu, ya jinjina kai.

Ya ce, "Amma wannan kaya ne mai kyau. Yunusa, tattara su duka. Tiyon injin ban ruwa yana yoyo a mahaɗa, irin wannan ake nema a ɗaure shi."

Yunusa ya tattara ya ɗaure a bayan babur, ya juyo ya ce, "Yaya, in sun ƙare zan aiko."

Haka aka yi noman ranin bana a Dingaya: robar Badamasi tana cikin fadama tun daga dashe har cirar albasa, shi kuwa yana kan bencinsa a tashar Birnin Kudu, yana gaya wa duk wanda ya kawo faci cewa ba don kayan aikinsa ba, da ko albasa ɗaya ba ta fito ba.